Kabarin Yaya Habu a Landan

Shekara arba'in da shida ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a gabashin Landan, amma har yau in na bi ta unguwar Bloomsbury sai in ji kamar zan hango shi a ƙofar laburare, sanye da doguwar kwat ɗinsa.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati na ta turo mu karatu. Kowa injiniya, kowa likita. Shi kuwa yayana sai ya ɗauki tarihin ƙasar Guatemala. Guatemala fa! Yakan ba mu labarin mutanen Maya da suka gina biranen dutse, aka wayi gari sun watse, daji ya cinye. Yakan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Da zai ga layin mai a gida yau, na san murmushi kawai zai yi.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani abokin karatunsa ɗan can, wanda sojoji suka ɗauke ƙaninsa, ba gawa ba kabari. Ya ce mini, "Sule, uwar yaron nan ba ta ma san inda za ta tsaya ta yi kuka ba."

Zazzaɓi ya ɗauke Yaya cikin hunturu. Muka binne shi irin na gida, reshe kawai muka kafa. Baturen maƙabarta ya tambaya ko za a sa dutse da suna, muka ce mu ba ma haka. A Kano ai unguwa ce ke riƙe kabari. Nan kuwa waɗanda suka tsaya ranar duk sun koma gida, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Bara 'yarsa Hadiza, wadda ya bari a ciki, ta zo daga Kano. Ta ce, "Baffa, kai ni wurin Babana." Muka je, ciyawa ta shafe komai. Layin kaburburan kawai na iya ganewa, wallahi kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Digirin bai ƙarasa ba, kabarin ya ɓace, abin da ya rage masa sai wannan mata mai irin taurin kansa.

Ta bi layin, tana tsayawa kowane taku tana cewa, "Assalamu alaikum, Baba." Da ta kai ƙarshe ta juyo ta ce, "Baffa, ai ya ji ko?"

Na ce ya ji. Allah Ya sa ban yi mata ƙarya ba.