Sanarwar Sayar da Kurun Baba Naino

Har yau ban manta da ranar da Baba Naino ya shigo kasuwar dabbobi ta Mayahi yana jan ɗan doki a bayansa ba. Cikin bazara ne, shekarar da nake aji na biyu a makarantar yaƙi da jahilci. Na rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuka shigo dillanci a bayanmu.

Ga wanda bai san aikinmu ba, dillali ba shi da dabba ko ɗaya. Mai dabba ya kawo, mu karɓi igiya, mu nemo mai saye, mu shiga tsakani. Idan tayi bai yi wa mai dabba ba ya ce albarka, idan ya yi masa ya ce ya sallama, mu kuma a ba mu la'ada. Muna da sarkin dillalai. Shi ke raba gardama, kuma shi ke haɗa baƙon da bai san kowa ba da dillalin da zai tsaya masa.

A lokacin ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya bayan kasuwa. Matata ta rasu, 'ya'yana mata suna ɗakunan mazajensu, namijin ya tafi Agadas. Yamma ta riƙa yi mini tsawo, shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na shiga aji.

Sarki ya yafuto ni ya ce, "Sa'idu, ga baƙonka. Kai da ba mai jiranka gida, kai za ka iya da tsoho."

Dokin kuru ne, wato irin guntayen nan da ba sa tsawo ko sun girma. Bikili ne, ja mai duhu, bayansa bai wuce ƙirjina ba. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, na ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya manyanta, amma da sauransa, kuma lafiyarsa ƙalau. Kafin in yi magana Baba Naino ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ka ji sharaɗina. Ba amalanke, ba sukuwa. Yaro nika so ya hau shi."

Muka wuni a rana ba wanda ya taya. Masu sayen doki a kasuwarmu ƙarfi suke nema, ba wanda ke zuwa neman abin hawan yaro. Da za a watse Sarki ya ce a kai sanarwa gidan radiyon gari. Yadda ake yi, ka rubuta abin da kake so a takarda, ka kai wa mai karɓa, ka biya, sai a riƙa karantawa safe da yamma iyakar kwanakin da ka biya. Tun da ni ne mai kaye, Sarki ya zauna kan benci yana faɗa ina rubutawa: doki bikili, mai ƙarfi, mai zafin nama, ba ya gajiya, ba ya zaɓen abinci. Haka muka gada. Duk dabbar da ke hannun dillali mai ƙarfi ce, ko da iska na kaɗa ta.

Sanarwa ta yi aiki, amma ba irin wanda muke so ba. Kasuwa ta gaba masu amalanke suka kewaye mu, da wani saurayi ɗan sukuwa. Wannan ya ja wutsiya, wancan ya danna baya da hannu biyu. Saurayin ya tsinka masa tsumagiya don ya ga gudunsa. Dokin bai motsa ba, sai ya juyo da kai yana kallon tsohon. Baba Naino ya fizge igiya daga hannuna ya ce albarka, tun ba a taya ba.

Wani mai amalanke ya yi dariya ya ce, "Tsoho, riƙe abinka. Ran da harawa ta ƙare kai za ka nemo ni."

Ba ƙarya ya yi ba. Da muka koma gefe Baba Naino ya gaya mini harawar da ta rage masa kaɗan ce, damina kuma da saura. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya shiga daji neman ciyawa. Ya ce in ta ƙare ba a samu mai saye ba, zai miƙa wa mai amalanken, don ba zai zauna yana kallon dabba tana ramewa a turke ba.

Washegari na hau kabu-kabu na tafi ƙauyensu, can gefen Gidan Amumune. Dillali ba ya bin dabba gida, amma na ga ban san abin da nake sayarwa ba. Gidan babba ne, ɗakuna a rufe, tsakar gida a share, ba motsin kowa. Kusa da turke akwai wani tsohon turmi a kife. Baba ya kwance dokin, ya ce masa, "Matso." Dokin ya taka a hankali ya jera jikinsa da turmin ya tsaya. Ƙudaje na bin idonsa, ko kai bai girgiza ba. Tsohon ya ɗora masa buhu a baya, ya ce, "Mu je." Suna cikin tafiya ya jawo buhun ya zame gefe. Nan take dokin ya tsaya cak, bai sake ɗaga ƙafa ba sai da aka gyara.

Sai a nan ya ba ni labari. Yana da jika, Habu, maraya, a hannunsa ya tashi. Shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami. Lakkwal, wato makarantar boko, tana ƙauyen gaba, hanyar kuma rairayi ce. Shi ne Baba ya sayi kurun ya hore shi da kansa, dokin ya riƙa kai yaro yana dawo da shi har ya gama. Da ya ci jarrabawa kawunsa ya ɗauke shi zuwa Maraɗi, aka saya masa keken da ake tuƙawa da hannu.

"Abokina ya zama ɗan birni," in ji shi. "Ya bar mu, ni da wanga, muna kallon juna."

Na ce, "Baba, ai wannan za mu rubuta. Akwai gidajen da ke da yara irin Habu."

Fuskarsa ta canza. "Kul! Yaron na da abokai masu jin radiyo. Ba za a yi shelar ƙafarshi kamar ɓatan akuya ba. Kada ka sa sunana, kada ka sa garinmu, duk wanda ya ji ya san da wa ake."

Na dawo da wannan nauyi. Abin da zai sayar da dokin shi ne abin da aka hana ni faɗa. Na yi kwanaki ina zama bakin ƙofata bayan la'asar da kaye a cinya, in rubuta in soke. Ni mai jinkirin rubutu ne, layi ɗaya yana cin lokacin da wani zai sha shayi ya tashi. Amma jinkirin ya yi mini rana, don kafin in gama kalma na riga na tambayi kaina ko gaskiya ce. Na rubuta "mai ƙarfi" don hannuna ya saba, na soke. Na nuna wa malamin ajinmu. Ya gyara mini inda na manta lanƙwasar ƙa da ɗa, sannan ya tambaye ni, "Wa kake so ya ji?" Na tuna da gidajen da na sani, inda irin waɗannan yara suke wuni a zaure ko a bayan ɗaki. Iyayensu ba za su ɗauko su zuwa kasuwar dabbobi a yi ta kallonsu ba. Sai na bar zancen yaro, na rubuta abin da dokin yake yi kawai. Ga abin da na kai:

"Ana sanar da iyaye. Akwai ɗan guntun doki na sayarwa, bikili, lafiyarsa ƙalau. Ba ya gudu. Bai taɓa jan amalanke ba, kuma ba za a sayar wa mai amalanke ba. Yana tsayawa gefen turmi har yaro ya gama hawa, kome daɗewa. Idan yaro ya zame, tsayawa yake yi. Ya saba da hanyar lakkwal. Ba sai an zo kasuwa ba, ba sai an zo da yaro ba. A nemi Sa'idu dillali a Mayahi."

Ƙa'ida ce in nuna wa Sarki kafin in kai. Na karanta masa, ya kama ciki yana dariya, ya kira sauran dillalai.

"Ku zo ku ji ɗan lakkwal! Wai ba ya gudu! Sa'idu, talla ce wagga ko ta'aziyya? Boko ya cinye maka dillanci."

Na ce, "Sarki, waccan irin taka mun gwada."

Ya ce, "Kai ta. La'adarka ce, ba tawa ba."

Na ji an karanta ta ina zaune ni kaɗai a ɗaki, radiyo na kan taga. Karo na farko ke nan da na ji maganar da na tsara da hannuna ta fito daga bakin wani. Na waiwaya don in ce wa wani ya ji, babu kowa. Kwanakin da na biya suka ƙare. Kasuwa ta ci ta watse ba wanda ya neme ni, sai mai amalanken nan da ya tsaya ya gaishe ni har da tambayar lafiyar tsoho. Baba ya aiko da saƙo ta bakin ɗan kabu-kabu cewa ya fara ba dokin rabin abin da ya saba ci.

Ranar da ba ta kasuwa ba, ina shara, wani mutum ya yi sallama. Manomi ne daga wajen Baudeta, sunansa Hamisu, ƙafafunsa duk ƙura. Muka gaisa ya daɗe yana juya hularsa.

"Wani maƙwabcina ya aiko ni. Zancen dokin nan na radiyo."

Na ce yana nan. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi shekaru ba. Ya ce, "In yaro bai dunguri cikinshi da ƙafa ba, yana tafiya?"

Na ce, "Da baki ake tuƙa shi."

Ya sauke ajiyar zuciya. Muka tsayar da tafiya washegari.

Da safe muka tafi gidan Baba Naino. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa. Ya nuna masa turmi da buhu kamar yadda ya nuna mini, ya sa shi ya maimaita kalmomin har dokin ya fara amsa muryarsa. Ni da ke cin abinci da bakina, ranar ɗan kallo na zama. Hamisu ya taya, tayin bai kai na masu amalanke ba. Na buɗe baki zan ja ciniki yadda aka saba, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan sirdi, an naɗe gefe ɗaya da tsumma mai laushi.

"Ka ce ma maƙwabcin naka ya bar tsummanga ta hagu. Sirdi na cin cinya inda ba nama."

Hamisu ya karɓa ya daɗe yana shafa tsumman da yatsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Tata ƙafar ta dama ce, Baba."

Tsohon ya karɓe sirdin ya zauna a ƙasa. Da hannu yake lalube don idon ba ya gani sosai. Ya kwance ɗinkin ya mayar da tsumman ɗaya gefen, muna tsaye muna kallonsa ba wanda ya ce bari in taya ka. Da ya gama ya miƙa ya ce, "Na sallama. Mi sunanta?"

"Balkisa."

"Ka ce ma Balkisa ba ya son ihu. Ta yi mishi magana kamar mutum."

Hamisu ya ja dokin suka fita. Baba bai raka su ƙofa ba. Ya ɗauko tsintsiya ya share gindin turke, ya tattara ragowar harawa ya ce in kai wa duk wanda ke da akuya. Na so in tafi, ya ce in zauna. Ya dama fura muka sha a ƙwarya ɗaya, muka zauna har rana ta karkata. Da zan hau kabu-kabu na waiwaya, yana zaune inda na bar shi.

An koya mana cewa dillanci yabo ne, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ke sayarwa. Ga sa da rago haka ne sau da yawa. Amma akwai dabbar da mutum ɗaya ne kawai yake nemanta a duk faɗin ƙasar nan, kuma mutumin ba zai zo kasuwa ya faɗi buƙatarsa ba. In kun samu irinta, ku bi ta gida ku ga abin da take yi, ku rubuta shi yadda yake, ko da abokan aiki za su yi muku dariya. Kuma idan mutum ya zo ya ce maƙwabcinsa ne ya aiko shi, ku ba shi wurin zama, ku amsa masa kamar kun yarda.