Baba Yanke da Filayarsa

Kafin masu shagunan layinmu su gama shara, Baba Yanke ya riga ya ɗaga ƙofarsa, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukundireba da burushi da filayar nan mai jan hannu. Duk kwamfutar da aka kawo masa, ba ya fara kunna ta. Sai ya juyo bayanta, ya kai hanci wurin fanka, ya shaƙa kamar mai cinikin turare. Matan layi kan ce da haka yake shinshina miyar matarsa, da ba ta taɓa ƙonewa ba.

Abin da yake shinshinawa wani ɗan akwatin ƙarfe ne da ke cikin kwamfuta, mai karɓar wuta daga bango ya rarraba mata. Shi ma tsufa yake yi kamar kowa. In ya fara ƙaurin roba, ko fankarsa ta kama gurnani, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa ba wanda ya taɓa ta, Baba zai buɗe ya duba 'yan gwangwanayen da ke ciki. Da ya ga sun kumbura kai, magana ta ƙare. Zai ɗauki filaya ya datse wayoyin ƙaf a gaban mai kaya, don kada a je wani wuri a lallaɓa, ko a sayar wa wani bawan Allah. Nan ya samo sunan, kuma ba da ƙauna aka raɗa masa ba.

Da can ba haka yake ba. Tsofaffin layi sun san mai ɗaukar hoton da ya zo yana roƙo a ɗan lallaɓa masa nasa, Baba ya ji tausayi ya lallaɓa. Da rana tsaka shagon mutumin ya kama da wuta. Mai hoto ya fito lafiya, sai ya tuna hotunan mutane, ya koma ciki. Baba na cikin waɗanda suka ɗauko shi a tabarma. Tun ranar bai sake lallaɓa ko ɗaya ba, ko za a yi masa kukan jini.

To, ga inda abin ya zo gida. Autarsa tana auren mai shagon buga takardu a ƙarshen layi, mutumin da ko ruwa zai sha sai ya gyara wuyan riga. Shago a gaba, ɗakin kwana a baya, ƙofar fita ɗaya, kuma 'yan jikokin Baba a ɗakin nan suke barcin rana. Wata rana ya je gaishe su, ko zama bai yi ba hancinsa ya ɗauko ƙauri.

"Malam, akwatin wutar nan ya gama aiki. A sauya shi yau."

"Haba Baba, ƙura ce kawai. Dubi mutane, kowa takardarsa yake jira."

"Tana mutuwa da kanta?"

"Jefi-jefi. In na ɗan buge ta sai ta tashi."

"Ni ma in an buge ni ina tashi. Ba lafiya ce ba."

Masu jira suka kwashe da dariya. Surukin ya haɗe rai ya ce, "Baba, nan shagona ne. In an jima ma yi magana."

Baba ya dubi labulen ɗakin baya. Takalman yara na bakin ƙofa, ƙanana, ɗaya a kife. Ya san abin da zai biyo baya, amma ya ciro filaya daga aljihu. Ya zare waya daga bango, ya kwance murfi, ya datse. Surukin ya tsaya baki buɗe, masu takardu suka tattara suka nufi wani shago, har da mai tafiya yana tafi.

Kafin la'asar an sa sabon akwati, don dole. Kafin magariba kuma saƙo ya iso: kada ƙafar Baba ta sake taka shagon, kuma yara ba za su sake zuwa gidansa ba. Uwar Auta ta yi kuka ta gaji, ta daina yi wa mijin magana sai da "ga abinci". 'Yan layi suka rabu. Masu goyon surukin suka fi yawa, suna cewa, "To ina gobarar? Mu dai ba mu ga ko hayaƙi ba."

Nan ne ciwon, Baba. Kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba a ganin komai. Mai kashe gobara ana yi masa sannu, kai da ka hana ta tashi zagi ake binka da shi. Gidaje nawa ne a layin nan ake kwana lafiya a tashi lafiya, masu su na kiranka mugun tsoho?

Yanzu ido ya yi rauni, hancin ma ya fara yaudararsa, shi da kansa ya ce ba zai yi aikin zato da ran mutane ba. Ranar da zai rufe shago ya zauna a benci tun safe, fuskarsa na kallon ƙarshen layi. Kowa ya san abin da yake jira. Da rana ta take sai ga Auta, lulluɓe har ido, tana waige. Ita kaɗai.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya leƙa bayanta, ya sake leƙawa.

"Baba, bai bari ba. Na roƙa."

Can ya ce, "Sabon da aka sa, fankar na juyawa?"

"Tana juyawa."

"Ba ƙauri?"

"Babu, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Koma, kada ya neme ki."

Ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa ya ja ƙofarsa ya sa kwaɗo.

Mun gode, Baba, ko da godiyar ta zo a makare kuma daga bakin da ba shi ka so ji ba. Ku masu gyara da kuka rage, in kun ga akwatin wuta ya tsufa ku faɗa, ku datse, ko da mai shi zai daina gaishe ku. Kai kuma mai shagon ƙarshen layi, na san za a karanta maka wannan ana ƙara gishiri. Yaran da kake hana shi gani suna nan da ransu, suna ta guje-guje a ƙofarka. Ka kama hannunsu ka kai masa tun idon na iya bambance su.