Layi na Biyar

Ni ba likita ba ne, mai gyaran kwamfuta ne a Anka, kuma an san ni da saurin fushi. Amma akwai ranar da nake tunawa in ji kaina ya kumbura.

Bayan gubar dalma ta yi mana ɓarna a Dareta da ƙauyukan kewaye, iyaye sun daɗe suna kawo yara gwajin jini. Wani dattijo mai ƙaramin ɗakin gwaji yana da tsohuwar na'ura da ke aika sakamako cikin kwamfuta ta wani tsohon katin lantarki da ke cikin akwatinta. Wata Laraba ya aiko a kira ni. Na tarar da shi yana zufa, ga wata tsohuwa zaune a benci da jikarta a cinya. Daga wajen Bukkuyum suka zo a babur, kuma mai babur ya rantse ba zai kai la'asar ba saboda hanya. An daɗe ana ba yarinyar magani, kakar tana son ta ji ko dalmar ta ragu.

"Ɗan Fulani, ka ga ta kaina," in ji dattijon. "Jiya aka sa mini sabon katin intanet, yau na'ura ta yi gum. Wanda ya sa shi ya ce ta tsufa, in jefar."

"Shi ya tsufa!" na ce. Wallahi raina ya ɓaci.

Ga yadda abin yake. Duk na'urar da ke jikin kwamfuta, in tana da magana, sai ta kira ƙwaƙwalwar kwamfutar ta wani layi mai lamba, ita kuma ta dakata ta saurara. Uwar manhaja, wadda muke kira kanel, ita ke raba layukan. Sababbin kati ba ruwansu, duk inda aka ba su sai su karɓa, har su yi tarayya da wasu. Na duba, na sake dubawa, kanel na cewa komai lafiya. Azahar ta wuce. Tsohuwar sai kallon ƙofa take yi.

Ina tsugune gaban akwatin kwamfutar sai na tuna Inna, mahaifiyata, a rugarmu. Tana da wata tsohuwar saniya mai turkenta daban. Ranar da na ɗaure karsana a wurin, saniyar ta ƙi ba da nono ko ɗigo, na sha ranƙwashi. Inna ta ce ƙanana ko'ina aka ɗaure su sun yarda, amma wagga wurinta ɗaya ta sani.

Na zare tsohon katin na kai shi haske. Ai kuwa, ga ɗan ƙarfe an maƙala masa tun daga masana'anta a kan lamba biyar. Bai san wani layi ba, bai kuma iya gaya wa kanel cewa nan yake ba. Ita kuwa ta ɗauka wurin banza ne, ta ba baƙo. Na shiga saitin farko na kwamfutar na keɓe layi na biyar, na ce na tsoho ne, kada a ba kowa. Da ta sake tashi, sabon katin ya koma wani layin ba gardama.

Dattijon ya sake sa jinin. Firinta ta yi ƙara, takarda ta fito. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge.

"Inna, ta ragu. Ta ragu sosai."

Tsohuwar ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Da za su fita ta tsaya gabana.

"Ɗana, mi kay yi ma na'urar?"

"Tsohuwar saniya ce, Inna. Na maishe ta turkenta."

Ta dube ni da idon da bai bushe ba, ta ce, "To Allah shi yi ma wadda ta koya maka albarka."

Innata ta rasu shekara biyu kafin nan. Na ce amin, na juya ina ɗaure murfin kwamfutar, don kada mai babur ya ga fuskata.