Ƙofar da Iya Jummai Ba Ta Buɗe Ba

Shekarata saba'in da huɗu, kuma fiye da arba'in daga cikinsu na yi su ne ina koya wa mutane yadda ake roƙon Allah. Na zauna gaban malaman tauhidi, na bi rubuce-rubucen magabatan ikilisiya shafi bayan shafi, kuma majami'u da yawa tsakanin Ikara da Kudan sun san muryata a bakin gadon marasa lafiya. Yau kuwa wata goma sha ɗaya ke nan matata Saratu tana kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na roƙa har gwiwoyina sun yi kanta, ban ga ta ɗaga ko yatsa a wannan ɓarin ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk lokacin da na durƙusa, ba karatun malamaina ke zuwar mini ba. Wata tatsuniya ce take zuwa, wadda kakata ta ƙi ƙarasawa.

A ƙauyenmu, gefen Saulawa, idan an gama girbin dawa sai a juya kan rake. Gidanmu gidan masu mazarƙwaila ne. Tun hantsi doki yake zagaya injin matsa, ruwan rake yana tsiyaya, a kwashe a zuba cikin babban kaskon ƙarfe, a hura masa wuta da busasshiyar tuƙar raken da aka matse. Kasko na ƙarshe yakan kai faɗuwar rana bai nuna ba, kuma shi ake bar wa Iya Jummai, mahaifiyar babana, domin babu wanda idonsa ya kai nata. Mazarƙwaila ba ta jira. Idan aka sauke da wuri ba za ta daskare ba, idan aka ƙara mata numfashi uku a kan wuta sai ta ƙone ta yi ɗaci. Mu yara mukan kewaye murhun saboda ɗumi da ƙanzon bakin kasko, ita kuma tana zaune a kan turmi, dogon ludayi a hannunta, tana yaye kumfa.

Ba ta iya karatu ba. Ta karɓi bangaskiya tana da jikoki, kuma addu'arta ba ta wuce jimla biyu. Amma idan za ta fara tatsuniya ta ce, "Ku matso, baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" mu kuma muka amsa mun shimfiɗa, to ko dokin sai ka ga kamar ya kasa kunne.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta wani masaƙi da matarsa ta kwanta ciwo. Ya jiƙa saiwa, ya dafa sassaƙe, bai ga sauƙi ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya ce shi zai tafi gidan Allah da ƙafarsa, ya tambaya baki da baki: za ta tashi ko ba za ta tashi ba, kuma me ake so ya yi? Ya yi ta tafiya har takalmansa suka cinye. Ya haye kogi bakwai, a kowane kogi mai fito yana karɓar wani abu daga jikinsa, wannan hula, wancan riga, har sandar ma aka karɓe. Daga ƙarshe ya iso wata katanga wadda ido ba ya ganin iyakarta, da ƙofa ɗaya tak a jikinta. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya kwana uku yana ƙwanƙwasawa har bayan hannunsa ya fashe. A rana ta huɗu sai ya ji takun sawu daga ciki, ya ji an taɓa sakata.

A nan ne kullum kasko yake nuna. Iya takan ɗiga ɗan ruwan a ƙwaryar ruwan sanyi, ta murza da yatsa, ta miƙe tsaye a tsakiyar magana ta ce, "Ku kira ubanku, a sauke." Sai gida ya rikice da jera kwanoni da zubawa, tatsuniya kuwa ta bi hayaƙi. Shekara uku tana yi mini haka. Na lura ma da gangan take ja ko taƙaita kogunan, domin masaƙin ya isa ƙofar daidai lokacin da kasko zai kira ta.

A shekara ta huɗu, ina ɗan shekara goma, na ƙudura ba za ta sake tsere mini ba. Da ta kai inda aka taɓa sakata ta yunƙura za ta tashi, sai na rungume ƙafafunta biyu na zauna a kan bakin zanenta.

"Iya, sai kin faɗa. Wa ya buɗe?"

"Angona, sake ni, amaryarka tana da aiki," in ji ta, don haka take tsokanata.

"Ba zan sake ki ba. Matar ta warke?"

"Wannan miji da naci yake. Ko sadaki bai biya ba, ya fara tsare ni a ɗaka."

Yara suka yi dariya, ni kuwa na ƙara ƙanƙamewa ina kuka. Kafin ta ɓamɓare hannuwana, ƙauri ya tashi. Kasko guda, wahalar yini na mutum biyar da doki, ya zama baƙin dutse. Babana ya zo da tsumagiya, Iya ta tsaya tsakaninmu ta ce ita ce ta yi gyangyaɗi. Bai yarda ba, amma ba ya ɗaga hannu a gaban uwarsa.

Da aka watse, tana kankare kaskon da guntun fatanya, sai ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba.

"Ni ma a nan aka tsaya mini," ta ce. "Wadda ta ba ni ita ba ta wuce sakatar nan ba. In ƙirƙiro maka ƙarya a kan gidan Allah?"

Na ce to ai ba tatsuniya ba ce, tunda ba ta da ƙarshe.

"Shekara huɗu kana tambayata ƙofa. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni wa masaƙin ya bar wa matar ba. Kwana nawa yana hanya? Wa yake ba ta ruwa?"

Ban ga abin tambaya a nan ba. Na tafi na kwanta da fushi, kuma in faɗi gaskiya, fushin bai gama sauka ba har yau.

A watan jiya ɗana Ishaya ya bugo waya daga Kaduna. Ya ce akwai wani mai addu'a a can wanda ake cewa guragu suna tashi a hannunsa, zai zo da mota ranar Asabar ya ɗauki mahaifiyarsa. Likitan da ke duba ta a Zariya kuwa ya ce a bar ta a gida, a ci gaba da magani da motsa mata gaɓoɓi, doguwar tafiya za ta iya tayar da hawan jininta. Ni na san Allah yana warkarwa, na kuma san akwai masu cin abinci da sunansa. Idan na hana, wataƙila na rufe mata ƙofar da aka buɗe. Idan na yarda, wataƙila na kashe ta a hanya. Sai na ɗauki azumin kwana bakwai, na shiga ɗakin littattafaina na sa sakata, na ce wa Ubangiji ba warkarwa nake roƙo yanzu ba, kalma ɗaya nake so: a tafi ko a zauna.

Kwana biyar ban ji komai ba. Na kawo wa Allah alkawuransa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙara a gaban alƙali. Na tuna masa da shekarun da na yi ina hidima. Na yi maganganun da ban taɓa yarda wani ɗalibina ya yi ba. Abin da kawai nake ji shi ne wata 'yar ƙara daga ɗakin Saratu, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Tun da muryarta ta raunana, da kofin silba take buga ƙarfen gado idan tana son wani abu. Na san matar ƙanena tana leƙo ta safe da yamma, don haka na ce a raina Shaiɗan ne yake son raba mini hankali, na ƙara ɗaga murya.

A rana ta shida da la'asar bugun ya ƙi tsayawa. Na zare sakata da ɓacin rai na shiga. Ta zame daga kan matashi, wuyanta a karkace, kofin babu ko ɗigo.

"Malam," ta ce, harshenta yana ja, "an amsa maka?"

Na ce tukuna.

"Ni ma tun azahar nake bugawa."

Na gyara mata kwanciya, na ba ta ruwa. Na faɗa mata abin da nake nema a wurin Allah, sai ta dube ni da idon nan da ta saba dubana da shi idan wa'azina ya yi tsawo.

"Kun tambayi likita, kun tambayi Allah. Ni da za a ɗauka a motar fa? Ba na son zuwa. Ka fitar da ni inuwar mangwaro, ka yi addu'arka inda zan ji, in riƙa cewa amin."

Na kira Ishaya na ce ya zo ya gaishe ta, amma ba za a ɗauke ta ba. Ya yi fushi, ya ce karatu ya cinye mini bangaskiya. Mai yiwuwa yana da gaskiya, ban sani ba.

Ba zan ce na sami amsa ba, domin ba a yi wa Allah shaidar zur. Saratu ba ta tashi ba. Har yanzu ina ƙwanƙwasawa, har yanzu raina yana ɓaci da shirun, kuma da Iya Jummai tana da rai da na sake riƙe ƙafafunta. Sai dai na gane cewa tsohuwar da ba ta san harafi ba ta ƙi yin abin da mu masu karatu muke yi kullum, wato ƙirƙiro wa mai baƙin ciki abin da ke bayan ƙofa. Ta tsaya inda saninta ya tsaya, ta tashi ta kama aikin da ba ya jira.

Na cire sakatar ɗakin littattafan, tana cikin akwati. Jiya da yamma ina tsakiyar roƙo a gindin mangwaro, na kai daidai inda nake cewa Ubangiji ya dubi baiwarsa, sai na ji kofi ya bugi ƙafar kujera. Rana ta zagayo kan fuskar Saratu. Na tashi na ja kujerar zuwa inuwa, ban kai amin ba. Ita ce ta faɗa.