Ranar da Na Sayo Turmi

Har yau idan na ji ƙarar daka sai murna ta kama ni, domin na yi shekaru ina hana matata mallakar turmi. Maƙwabta sun ɗauka rowa ce, ni kuma ina kiran abin hangen nesa. Ashe tsoro ne tsagwaronsa.

Ni mai gyaran rediyo ne, karatuna bai wuce firamare ba. Shagona yana Fagge, a wani lungu kafin a fito Bata, gidan da muke haya kuma yana Sabon Gari. Tun wani rikici da ya sa muka fake a bariki da jariri a hannu, na kafa doka a ɗakina: kada a shigo da abin da mutum ba zai iya ɗauka ya ruga da shi ba. Ba mu da gado, katifa ce a ƙasa. Kujerunmu na roba ne. A bayan ƙofa kuma akwai wata jakar buhu mai ratsin ja da shuɗi, da kayan yara da bargo da garin kwaki a ciki, kullum a ɗaure. In tayar mota ta fashe a titi, kafin kowa ya waiwaya jakar tana hannuna.

Sana'ata ma ba ta taimake ni ba. Duk rediyon da na gyara sai na gwada, gwajin kuwa labarai ne, daga wannan tasha zuwa waccan. In dawo gida ƙirjina a ɗaure, in sauke a kan matata. Yau miya ta yi gishiri, gobe yara sun cika surutu. Na sha daka mata tsawa a tsakar gida mutane suna ji, Allah ya gafarta mini.

Turmi kuwa na Alhaja muke ara, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ɗakinta yana kallon namu.

"Mai rediyo," takan ce mini, "turmina ya fi sanin ƙofarku da tawa. Ko dai in ɗaura masa aure da tukunyarku ne mu huta?"

Sai ga shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Gari ya ɗauki zumuɗi, hotuna a kowane bango, teloli ba sa ɗaga kai daga keke. Zumuntar mata ta cocinmu ta fitar da anko domin sujadar godiya, matata ce kuma mai buga musu tulu. Ni kaɗai nake yawo da fuska kamar an yi mini mutuwa. Na riga na yanke a raina cewa ranar rantsar da sabon shugaban ƙasa gari zai kama da wuta, sai na ce wa matata ta shirya, ana jajibirin ranar ta kwashe yara su tafi ƙauye.

Ba ta ɗaga murya ba. "Baban yara, in ka ce in tafi zan tafi. Amma ka sani ba zan dawo wannan ɗakin ba. Na gaji da zaman tasha. Mu ba matafiya ba, mu ba mazauna ba."

Na san matata, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Duk da haka girman kai ya hana ni janye maganar.

Ranar Laraba da la'asar na je taron addu'a kamar yadda na saba. Wani dattijo ne ke bi da mu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Al'adarmu ita ce kowa ya tashi ya faɗi bukatarsa. Da aka zo kaina na faɗi abin da nake faɗa kowane mako: "A yi wa ƙasa addu'a."

Dattijon ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, kullum ƙasa, kullum ƙasa. Ƙasa tana da masu yi mata addu'a, ga su nan sun cika benci. Kai wa ke yi maka?"

Aka yi dariya. Na buɗe baki in ce lafiyata ƙalau, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, tsoro nake ji." Daga nan magana ta ɓalle. Na faɗi jakar, na faɗi katifar, na faɗi tsawar da nake yi wa matata, na faɗi cewa jibi zan rasa ta da hannuna. Ina jiran a sake dariya, sai wani kafinta ɗan ƙabilar Ibo ya ce daga bayana, "Ɗan'uwa, tawa jakar tana ƙarƙashin gado."

Suka kewaye ni, suka ɗora mini hannu, suka roƙi Yesu ya ɗauke mini wannan kaya. Da za mu fita dattijon ya riƙo hannuna. "In tsoron ya sake taso maka, ka faɗa wa Ubangiji yadda mai kawo gyaran rediyo yake faɗa maka. Ga inda take ƙara, ga inda ta mutu. Kada ka yi masa kwana-kwana."

Kashegari a shago abin ya taso kamar kullum. Na kashe rediyon da ke gabana, na ajiye dalma, na durƙusa tsakanin tsofaffin batura. Na ce, "Ya Yesu, ga shi nan ya zo, a ƙirji yake, ina ganin wuta a inda babu wuta. Ni ban iya tsare gidana ba, kai ka tsare." Ban ji wata murya ba. Numfashina ne ya sauka a hankali, kafaɗuna suka saki. Tsoron ya sake dawowa kafin azahar, na sake durƙusawa. Zuwa yamma sai na ji wata irin yunwa da na manta da ita, na ci wake da shinkafa har da ƙari, ina ci ina dariya ni kaɗai.

Ranar tafiya da safe matata ta gama ɗaure kaya, yara sun yi wanka. Na ce, "Maman yara, ku jira ni." Na fita kusan da gudu zuwa kasuwar Sabon Gari, wajen masu turame.

"Wanne ya fi nauyi?" na tambayi mai kayan.

"Malam, mutane mara nauyi suke nema."

"Ni mai nauyin nake so!"

Ya nuna mini wani na icen ƙirya, sai da muka kama mu biyu ya hau kaina. Na naɗe hulata na yi gammo, na riƙe taɓarya kamar sanda, na kama hanya. 'Yan acaɓa suna ta danna mini oda, wani ya ce, "Ango, ina amaryar?" Wuyana yana ciwo, gumi yana shiga idona, ni kuwa waƙar yabo nake yi da ƙarfi a tsakiyar titi. Ban san abin da gobe za ta kawo ba, labarai ba su canja ba, amma ƙafafuna rawa suke so.

Na sauke shi a tsakar gida, ƙasa ta amsa. Matata ta fito, ta dubi turmin, ta dube ni.

"Wannan fa? In an fara gudu wa zai ɗauka?"

"Babu mai ɗauka. A nan zai zauna, mu ma haka. Ki yafe mini."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Alhaja ta leƙo tana tafi. "Alhamdu lillahi! Turmina ya samu 'yanci kafin ƙasa!"

Muka kwance jakar bayan ƙofa tare. Garin kwakin ya zama gidan ƙwari, rigunan yara kuwa ko kansu ba ya shiga, sun girme su tuni. Yaran suka ɗora su a ka suna zagaya turmi.

Bayan wannan shekarar gari ya sake ganin ranakun wuya, tsoron kuma yakan leƙo ni har yanzu. In ya zo, na san inda zan kai shi. Amma ranar rantsuwar, ina zaune a ƙofar ɗaki da rediyo a cinya, matata ta zuba doya a sabon turmi tana kirɓa sakwara, tana rera waƙar da za su yi a coci. Ƙarar dakan ta danne jawabin gaba ɗaya, ko kalma ban ji ba. Na kashe rediyon, na tashi na karɓi taɓarya.