Awarar da aka ce alade ce

Wani ɗan garinmu ya gaya wa mutane wai na ci naman alade, ya ɗauke ni a waya ya watsa. An yi shekaru yanzu, amma ba zan manta da wannan abin ba har a sa ni a rami.

A lokacin ina tuƙa bas ɗin da ke kai fasinja bakin jirgi a filin jirgin Hamad da ke Doha, shi kuma yana gadi. Ɗakinmu ɗaya a Al Thumama, mu da wasu 'yan Arewa. Ni ba malami ba ne, ko sakandare ban gama ba, amma da yake na girme su kuma ina da 'yan surorina, ni suke turawa gaba in sallah ta same mu a ɗaki. A garin da kowa ke daka maka yalla yalla, wato yi sauri yi sauri, wannan ne kaɗai girman da nake da shi.

Ɗan garin namu shi ya matsa mini mu je Vietnam da hutun shekara. "Kawu, kullum kai ke kai mutane bakin jirgi, amma ban da Kano da Doha ina ka taɓa gani?" Maganar ta shige ni. Maimakon in tafi gida, sai na bi yaro.

Ba zan yi wa ƙasar ƙarya ba, tana da kyau. A Hanoi babura sun fi na Kano zamanin acaɓa, har firji na ga an ɗaure a bayan babur. Mun fita ƙauye na ga gonakin shinkafa kore shar, duwatsu tsaye a tsakiyar ruwa kamar dasa su aka yi. Wata mata ta ɗauke mu a kwalekwale tana tuƙi da ƙafafunta, hannunta riƙe da lema. Ni da nake taƙama da tuƙi, sai na sara mata.

Matsalata abinci. Kwana da kwanaki burodi da ayaba nake ci don tsoro. Wata rana da azahar ya ce ya samo wuri mai kyau. Wata tsohuwa ce ke sayarwa a wani lungu, ga 'yan kujerun roba kamar na yara, ga turare na hayaƙi a gaban hotunan iyayenta da suka mutu. Ta kawo shinkafa da wani abu yanka-yanka a cikin miya, kamar nama. Shi ya ce cikinsa na ciwo, kofi kawai zai sha. Ni kuwa na ci, na ƙara.

Muna komawa masauki wayata ta fara kuka. Wani daga ɗakinmu ne. "Kawu, da gaske ne abin da muke gani?" Na buɗe guruf ɗinmu, sai ga ni ina suɗe kwano, an rubuta a ƙasa wai liman ya samu alade. Na dubi yaron, yana dariya har da hawaye. "To Kawu, ai ba ka tambaya ba."

Na yi amai har maƙogwarona ya yi zafi. Na san wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi, amma mutane fa? Wa zai sake bin sallata?

Da safe na fita ni kaɗai, da niyyar in zazzage wa tsohuwar. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na nuna tukunya, na tura hanci sama, na yi gurnanin alade. Ni da furfurata! Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan ta kama hannun rigata ta ja ni ciki.

Waken suya na gani jiƙe a baho. Ga ƙyallen tata, ga dutse an danne ƙulli yana ɗigar ruwa, daidai yadda matata ke yi a gida. Awara ce. Na zauna a kan bokiti ina ta alhamdu lillahi.

Wata mata da ta zo cin abinci tana jin Turanci kaɗan, kamar ni. Ta ce masu gidan mabiya addinin Buda ne, ko kifi ba ya shiga gidan, awarar suke sarrafawa ta yi kama da nama. Sai tsohuwar ta ƙara wata magana, matar ta fassara: abokina da kansa ya nuna mata rubutu da yarensu a waya jiya yana tambaya ko babu nama, ta ce masa babu. Ashe ya sani.

Matar ta ɗauki bidiyon komai da wayata, na tura guruf. Tsohuwar ta zubo mini wani kwanon, na cinye tas, hankali kwance.

Na bar maganar yaron sai da muka sauka Doha. Da magariba ta yi a ɗaki, aka turo ni gaba kamar kullum, na ja su sallah. Bayan sallama ya matso yana sosa ƙeya. "Kawu, wasa ne fa, khalas, ya wuce."

Na ce masa a gaban kowa: "Tsohuwar can ba ta san Allahna ba, ba ta san sunana ba, amma ta ja ni ciki ta nuna mini ban ci abin da ba na ci ba. Kai da ka san uwata, ka san gidanmu, ka sayar da ni don a yi maka dariya a waya. Na yafe maka don ina so a yafe mini. Amma na koyi darasi, zama ɗan gari ɗaya ba shi ne amana ba. Daga yau ko ruwa ka miƙo mini, sha abinka."