Abin da Ta Faɗa a Lasifika

Baba Lasifika ake ce masa, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna ba. Ranakun aiki yana shagonsa na gyaran rediyo, wani ɗan lungu mai warin dalma, cike da gawarwakin talabijin da masu su suka manta. Ran Lahadi kuwa yana ƙuryar majami'a, bayan bencin ƙarshe, gaban na'urar sauti, da abin sauraro manne a kunnuwansa. Tun yana saurayi yake wannan hidima, kuma bai taɓa makara ba.

Kunne kam Allah ya ba shi. Waya ta fara saki a bayan bagade, kafin kowa ya ji ƙara shi ya riga ya miƙe. Amma tare shi a bakin ƙofa ka tambaye shi a kan me Fasto ya yi wa'azi yau. Sai ya ce maka muryar ta fita tas, sai dai mura na neman kama bawan Allahn. Mutane su yi ta dariya, shi ma ya taya su, alhali abin kuka ne.

A gida ma haka yake. Matarsa mace ce mai sanyin murya. Za ta yi ta magana yana "to, to", idonsa na cikin hanjin wata rediyo. Maganar da ta fi ci mata rai ita ce ta ɗansu tilo, wanda Baba ya kora daga gida saboda shaye-shaye. Ta kawo ta da safe, ta kawo ta wajen cin abinci, "to" ɗin nan dai take samu.

Sai ciwo ya kama ta, irin mai cin mutum a tsaye. Wata Lahadi, lokacin ba da shaida, ta miƙe da kyar ta karɓi makirfo. Daidai nan wani ɗan gunji ya shiga lasifikar hagu. Baba ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana laluben waya. Yana jin muryarta sarai, ya ji tana rawa, har ya miƙo hannu ya ƙara mata ƙarfi. Da ya ɗago, majami'a ta yi tsit, mata na share ido, kowa ya juyo yana kallonsa. Shi a tunaninsa gunjin ne ya ba shi kunya.

A hanyar gida ta riƙe hannunsa ta tambaye shi ko zai yi. Ya ce to, kamar kullum. Ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba, bai kuma tambayi kansa dalili ba.

Ba ta daɗe ba ta rasu. Wajen jana'iza ya hango yaron can nesa, a rame, tsaye shi kaɗai. Baba ya kau da kai, wai jira yake ɗa ya zo ya gai da uba. Kafin a watse yaron ya ɓace.

Daga nan kallon ya fara. Dattawa su gaishe shi su ɗan tsaya, kamar akwai sauran magana. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya tambaya ko ya samu zuwa. Baba ya ce yana nan zuwa, bai ma san ina ba. Ina zai kai kunyar cewa kowa ya ji maganar matarsa ta ƙarshe ban da shi, shi da muryar ta bi ta hannunsa?

Ran Asabar, idan ya zo gwada kaya a majami'a ba kowa, sai muryar ta dawo masa. Yana jin inda ta hau, inda ta sauka, inda ta tsaya ta ja numfashi. Kalma ko ɗaya babu. Ya cire abin sauraron, tana nan. Ya kashe na'urar, tana nan. Tsoro ya kama shi, abinci ya daina shiga, ya fara barin shago a rufe.

Da abin ya ishe shi, ya je wurin shugabar mata, tsohuwar ƙawar marigayiya, ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Ta kalle shi ranta a ɓace, sannan ta maimaita masa abin da matarsa ta faɗa.

"Cewa ta yi: Na faɗa a ɗaki bai ji ba, yau zan faɗa ta cikin na'urarsa. Yaron nan ya daina sha, ƙofarka yake tsoro. Don girman Yesu, maigida, ka je da ƙafarka ka ɗauko shi ina da rai."

Shugabar matan ce ta yi masa kwatancen inda yaron yake zaune. Bai ko koma gida ba. Ya bi layin masu walda har ƙarshe, ya shiga wani gidan haya mai ɗakuna a jere, igiyoyin shanya sun tsaga tsakar gidan. Ɗakin ƙarshe a buɗe yake, an share shi, babu komai sai ƙusa a bango. Mai gidan, wata dattijuwa da ke wanki a bakin famfo, ta ce yaron ya kwashe kayansa bayan jana'izar uwarsa, bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba.

Da ta gane wane ne a gabanta, ta tsame hannu daga kumfa.

"Ashe kai ne. Uwarsa ta aiko masa cewa ka amsa, kana zuwa. Kowace Lahadi sai ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna nan bakin ƙofa har rana ta faɗi."

Baba ya tambaya ko yaron ya bar wani saƙo.

"Babu. Cewa kawai ya yi, tunda babansa ya ji kuma bai zo ba, ai ya ba shi amsa ke nan."